Kunnen da Malam Tijjani Ya Kushe

Malam Tijjani mai gyaran injina ba ya iya zama, kuma duk Sharaɗa an san haka. In ka ba shi kujera sai ya ɗosana a bakinta, ƙafa ɗaya na karkaɗawa, kafin shayin da aka zuba masa ya sha iska ya miƙe ya ce bari ya dubo wani abu. A wurin ɗaurin aure, ana shafa fatiha sai dai ka hango ƙeyarsa a bakin titi yana tayar da babur. Matarsa Maimuna ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya ƙarasa tuwo a zaune ba. Lomar ƙarshe a tsaye yake kai ta, ɗaya hannun yana laluben hula.

A Sharaɗan aka haife shi, tun tana ƙauye mai gonaki. Gonar mahaifinsa yanzu tana ƙarƙashin wata masana'antar takalman roba, in ya zo wucewa yakan nuna da leɓe ya ce a nan suke dasa rogo, daidai inda tireloli ke juya kai. Bai tsaya kukan gona ba. Da ya ga injina sun cinye ta, sai ya bi injinan ya ga me suke taƙama da shi. Ya koyi aikin lantarki, ya samu shiga wata masaƙa a Bompai, zamanin da in an tashi daga aiki kekunan ma'aikata ke rufe titi.

A masaƙar ya haɗu da Yohanna, mutumin Zonkwa, dogo mai sanyin magana. Ba wanda ya san yadda aka yi jininsu ya haɗu, don Tijjani zai yi ta zagaya inji har jiri ya kama mai kallo, Yohanna kuwa yana tsaye wuri guda ya riƙe haɓa. Wata rana da damina wuta ta riƙe Tijjani a jikin akwatin lantarki, hannu ya ƙi saki, baki ya ƙi buɗuwa. Kowa ya ja baya yana salati. Yohanna ne ya rarumo busasshen katako ya maka masa a damtse, ya faɗi gefe yana numfashi sama-sama. Tun daga ranar, in aka ce Yohanna na son abu, to Tijjani ya gama magana.

Da masaƙa ta rufe, Tijjani ya yi ta yawon neman wurin da zai riƙe shi. Ya shiga wata majema a Challawa, wari ya koro shi. Ya koma kamfanin alewa a Bompai, ya yi faɗa da manaja kan wata waya da aka ce ya haɗa ba bisa ƙa'ida ba, ya ajiye musu makullansu ya fice. Daga ƙarshe shi da Yohanna suka kama wata rumfa a bayan masana'antun roba na Sharaɗa, suna naɗin waya, suna canza boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a ciki, suna zuwa duk inda inji ya tsaya. A nan sunansa ya fita, saboda wata ɗabi'a tasa. In aka kira shi duba inji, ba ya taɓa ko noti ɗaya sai ya zaro doguwar sukundireba, ya ɗora tsininta a jikin injin, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya ce boris ne, ko ya ce ba abin da ya same shi, ku ba shi mai.

Abu ɗaya ne Malam Tijjani bai taɓa iya gyarawa ba, shi ne bakinsa a kan 'yarsa Saudat. Ita ce 'yar fari, shi kuwa tashin da ya yi, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, balle ya yabe shi. Mutane da yawa sun saki wannan al'ada tuni, shi ya riƙe ta da hannu biyu. Ƙannenta yana ƙwala musu kira har maƙwabta su ji, ita kuwa sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Ranar da makarantarsu ta ba ta kyautar lissafi ya je, amma a bakin ƙofa ya tsaya yana goge madubin babur har aka tashi. Da ta ce kwamfuta take son karanta, ya samo wata matacciyar kwamfuta a Bompai, ya yi ta fama da ita har ta tashi, ya kawo ya ajiye a tsakar gida ya ce wa Maimuna, "A ba waccan, ta tare min wuri a rumfa." Yana son yarinyar nan so mai ciwo, kuma duk duniya ba wanda ya taɓa jin haka daga bakinsa.

Da Saudat ta gama jami'a, ita da Gidiyon ɗan Yohanna, wanda suka taso tare a ƙofar rumfar, suka haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba. A manna ta a jikin inji, ta riƙa jin karkarwarsa da zafinsa, in abu ya soma canzawa ta aika saƙo wayar mai kula da shi tun kafin ya tsaya. Gidiyon ya haɗa kayan cikinta, Saudat ta rubuta manhajar. Wasa-wasa masana'antu suka fara tambaya. Aka yi wa abin rajista a matsayin kamfanin fasaha, iyayen biyu a sama, 'ya'yan a ƙasa, aka kuma kama rumfa a bajekolin da ke tafe. Saura gidan roba da za a sa na'urar a ciki, da tambarin da zai hau kansa.

Tambari kuwa a Kano ba abin wasa ba ne. Ka sa wa kayanka sunan Turanci mai tsawon kamu guda, mai saye ba ruwansa, hoton da ya gani zai kira: a ba ni mai zakara, a ba ni mai tauraro. Sannan Jamilu mai yanka mol a Challawa, wato ƙarfen da ake ɗura wa narkakkiyar roba ta fito da siffa, ya gargaɗe su cewa a jikin ƙarfen ake sassaƙa tambari, in ya shiga ya shiga. Ya ce su kawo zaɓinsu da wuri in suna son kayan su riski bajekolin.

Akwai kuma abin da ya fi tambari nauyi. Wani kamfani a Abuja ya kira Saudat aiki, ƙanwar Maimuna da ke aure a can ta ce ɗaki na nan. Saudat ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da ta gaya wa uwarta shi ne, in ta ga tana da amfani a rumfar Baba za ta zauna, in kuwa cika wuri take yi gara ta tafi. Maimuna ta kai wa Malam maganar yadda take. Ya ce, "To," ya fita. Sai da ya kai bakin titi ya lura silifas ɗin banɗaki ne a ƙafarsa.

Ranar da aka baje zane a kan teburin naɗin waya, takardu uku ne. Na farko wani mai zane a titin Gidan Zu ya yi shi: harafin T da harafin Y sun sarƙe da juna, an cika su da launi. Wannan bai ja lokaci ba. Yohanna ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce shi dai ƙugiyar mahauta yake gani. Tijjani ya ce in aka zuba shi a baƙar roba launin ya tafi, me ya rage? Aka tura shi gefe aka danne da gwangwanin giris.

Na biyu na Gidiyon ne, walƙiya a tsakiyar faranti mai haƙora irin na cikin inji. Tsaf da shi, ba laifi, sai dai in ka zagaya Sharaɗa za ka ga 'yan'uwansa a ƙofar kowane mai gyaran janareta. Gidiyon da kansa ya faɗi haka yana dariya.

Na uku Saudat ta ajiye, ta koma jikin ƙofa ta tsaya. Layi ɗaya ne baƙi, ya lanƙwasa ya zama kunnen mutum, sannan ya miƙe ya zama sukundireba mai tsini. Ba launi, ba rubutu. Malam Tijjani ya kalle shi, nan take ya gane. Shi ta zana, da kunnensa da sukundirebarsa. Duk shekarun da yake zaton yarinyar nan wasan ƙasa take yi a bakin rumfa, ashe kallonsa take. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya cusa su a aljihu, ya sake fito da su.

"Wannan ne," in ji Yohanna, ya ɗora yatsa a kan kunnen. "Ba sai mun ɓata yini ba, Malam. Mai kunne. Ka ji ma yadda ya zauna a baki."

Nan fa Malam Tijjani ya shiga uku. A lissafinsa, kara Yohanna ya yi masa: ya tsallake na ɗansa ya zaɓi na 'yar abokinsa, yadda mutumin kirki ke yi. To shi kuma sai ya zauna ya karɓe, ba kunya ba tsoron Allah? Ya buɗe baki ya ce na 'yarsa ya fi, 'yar fari, a gabanta, a kan zanen da shi kansa aka zana? Ai ko a mafarki. Tunda an yi masa kara, dole shi ma ya mayar.

"Kunne?" ya ce, ya ɗaga takardar da yatsu biyu. "Asibiti muka buɗe? Duk wanda ya gani zai ce maganin ciwon kunne muke sayarwa. Kuma dubi layin nan, siriri kamar zare, in roba ta huce ta ja jiki ba za a gan shi ba. Sannan wa ya taɓa ganin an haɗa sukundireba da kunne? Yara su gani su gwada, a zo a kama mu." Ya ajiye, ya jawo na Gidiyon. "Ga aiki. Daga nesa ka san wuta ce, ka san inji ne."

"Baba Tijjani, gaskiya nata ya fi," in ji Gidiyon.

"Kai rufe mana baki, wa ya tambaye ka?"

Saudat ta ce, "To Baba, za a duba," muryarta lafiya lau. Ta ɗauki jakarta ta ce tana da aiki a Bompai. Yohanna ya bi ta da kallo, ya dawo ya kalli abokinsa, ya ce shi dai yana kan bakansa. Aka tashi ba a tsayar da magana ba.

Da wani ne, sai ya kira 'yarsa gefe ya ce ke, kar ki damu, kunya ce. Malam Tijjani kuwa wata dabara ya ɓullo da ita, irin wadda sai shi. Ya ce a ransa, in jama'a suka taru a kan kunnen, shi ke nan, sai ya ɗaga hannu ya ce an fi ƙarfinsa. An zaɓi na yarinya ke nan, bakinsa bai yaba ba, Yohanna kuma bai ga rashin kara ba. Ya naɗe takardun biyu ya cusa a aljihun gaba, ya hau babur.

Ya fara da masu gadin masana'antar takalma. Suka ce mai kunne. Ya ce, "Ku duba da kyau dai, ba ku ga kamar na asibiti ba?" Suka ce ina, ai wannan da gani ka san saurare ake yi. Ya tsallaka wurin Lami mai abinci, 'yar Pankshin da ke ciyar da rabin ma'aikatan layin. Ta goge hannu a zani ta karɓa ta ce, "Kai Malam, wa ya yi wannan? Hannunsa na da albarka." Ya ce wata yarinya ce, shi bai ga abin yabo ba, layin ya yi siriri. Lami ta ce sirantar ce kyansa. Ya ce kunnen ya karkace. Ta ce, "Naka ma ai a karkace yake." Ya hau babur yana murmushi shi kaɗai har ya kusa faɗawa kwata.

Daga nan abin ya zame masa jaraba. Ya gano cewa duk aibin da ya faɗa sai an mayar masa da yabo ninki, shi kuwa yabon nan ne bai taɓa ƙoshi da shi ba. Sai ya ƙara ƙaimi. Ya je Bompai wurin tsofaffin abokan masaƙa, ya kushe. Ya tare direbobin tirela a gindin darbejiya, ya kushe. Ya bi majalisar masu walda, ya bi masu sayar da kayan wuta, ko'ina waƙar ɗaya ce, asibiti, siriri, karkace, sannan ya kasa kunne ya sha daɗi. Wani injiniya a kamfanin lemo ya ce a ɗan ƙara wa layin kauri, shi ke nan ya haɗu. Malam Tijjani ya ji haushin mutumin har ya fasa duba masa inji ranar, don a ganinsa shi kaɗai ke da izinin ganin laifin zanen nan. Aiki ya taru a rumfa, Yohanna na naɗi shi kaɗai. Jamilu ya yi ta bugo waya. Kullum Malam sai ya ce saura mutum ɗaya zai ji ta bakinsa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, maganar da aka yi a bakin masana'anta ba ta kwana a nan. Yabon da jama'a suka yi bai yi nisa ba, don ba labari ba ne. Abin da ya zagaya shi ne, Malam Tijjani na yawo layi-layi da zanen 'yarsa yana nuna wa duniya laifinsa. Saudat ta ji a bakin wani mai gadi da ya tare ta ya ce ta yi haƙuri. Ta ji a Bompai inda ta je manna na'ura. Lami ta ba ta labari tiryan-tiryan, ta ƙara da cewa ita dai ta yaba, amma Saudat ba ra'ayin Lami take jira ba. Duk aibin da ya faɗa sai da aka kawo mata shi, ko ɗaya bai faɗi a hanya ba.

Maimuna ce ta tare shi wata safiya yana ƙoƙarin fitar da babur daga zaure. Ta riƙe bayan babur ɗin gam.

"Malam, tsaya. Yau kam sai ka tsaya."

"Ana jirana."

"A jira. Me yarinyar nan ta yi maka? Ni ma 'yar farina ce, ni ma ba na kama sunanta, amma ban ɗauki aikinta na shiga gari ina tallan laifinsa ba. Abinci ma sai na yi da gaske take taɓawa. Na leƙa na ga ta baje zanen a gado tana gwada shi da abin da ka faɗa, ɗaya bayan ɗaya."

"Ke ba ki gane ba," ya ce, yana murza hannun babur ba dalili. "Ai nata ya fi. Nata za a ɗauka."

"Ka gaya mata?"

"Haba Maimuna. Da wane bakin?"

"Da wanda ka zagaya Kano da shi."

Maganar ta shige shi har ƙashi, tsoro ya kama shi. Amma ko a nan bai juya ya shiga ɗakin yarinyar ba, ga ta kuwa a cikin gida. Sai ya yanke cewa zai kai wa Jamilu mai kunne yanzu-yanzu, ba shawara da kowa. In roba ta fito da kunne a jikinta, Saudat ta gani da idonta, wannan ya ishe ta amsa, ba sai an yi magana ba. Ya murɗa babur ya nufi Challawa, warin majemu ya tarye shi tun daga nesa, bai ko toshe hanci ba.

Ya tarar da Jamilu a gaban injin yanka ƙarfe, ruwan sanyaya ƙarfe na tsartuwa. Jamilu ya kashe injin ya ce, "Baba, sannunku da zuwa. Kun zo a daidai, aiki ya kusa fita." Ya goge ƙarfen da tsumma. Walƙiya ce a tsakiyar faranti mai haƙora, an sassaƙa ta da zurfi, tana ƙyalli.

"Wa ya ce ka yanka wannan?"

"Saudat ce ta kawo. Ta ce kun gama magana, wannan kuka zaɓa, a yi sauri kar kaya su rasa bajekoli."

"A goge."

"Baba, ai na gaya muku tun farko. Sai dai sabon ƙarfe, shi kuma kafin ya iso daga Legas an ci bajekolin an watse."

Malam Tijjani ya zagaya teburin, ya shafa walƙiyar da babban yatsa, ya sake zagayawa. Takardar da ya zo da ita ba ta fito daga aljihu ba. Ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka, ya fita ya bar Jamilu da tsumma a hannu.

A rumfa ya kwashe komai ya gaya wa Yohanna, har da lissafin karar. Tun da suke bai taɓa ganin Yohanna ya ajiye aiki don magana ba sai ranar.

"Kara? Ni na yi maka kara?" in ji Yohanna. "Malam, na ce nata ya fi don ya fi. Da na Gidiyon ya fi, da na faɗa a gabanka ko ba ka so. Shi kansa yaron sai daga baya ya ji ta kai nasa, yana can ya kumbura, ya ce an ɗora masa abin da bai nema ba. Kai ka ƙirƙiro kunyarka, ka ɗora min, ka ɗora wa yarinya. Yanzu je ka same ta, ba ni za ka gaya wa ba."

Bai same ta ba. Ko kuma a ce ya yi ta samunta, maganar ce ta ƙi fita. Kafin mako ya zagayo Maimuna ta gaya masa Saudat ta amsa wa mutanen Abuja, za ta tafi bayan bajekoli. Sai ya zo ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya, ta fito ta durƙusa, ya ce ko ta ga cajarsa. Wata rana ya ce fankar ɗakin na ƙara, ya kwance ta ya mayar, tana tsaye tana miƙa masa noti, har ya gama ya sauko bai ce komai ba sai "a riƙa kashewa in za a fita". Bajekoli ya zo, Saudat ta tsaya a rumfarsu tana yi wa jama'a bayani da fara'arta, mutane suna cewa a nuna musu mai walƙiya. Shi kuwa yana kai-kawo tsakanin rumfar da bakin ƙofa, in ya matso kusa da ita sai ya hau gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Ranar tafiya da hantsi ta same shi a zaure ta durƙusa. Ya ce Allah ya tsare, Allah ya ba da sa'a, a riƙe salla, a gaida mutanen gidan. Ya riga ta fita, don uba ba ya raka 'yar fari tasha, Maimuna ce za ta kai ta. A rumfa ya ɗauki waya ya ajiye, ya kunna injin gwaji ya kashe, ya tambayi Yohanna ƙarfe nawa, bai saurari amsa ba. Yohanna bai ɗago daga naɗinsa ba ya ce, "Motocin tashar Na'ibawa ba sa daɗewa ba su cika ba, Malam."

Yadda ya ratsa cunkoson titin Zariya ranar, masu adaidaita ne za su ba da labari. Ya jingine babur a bakin tasha, ya kutsa tsakanin masu tallan biredi da 'yan kamasho, yana leƙa mota bayan mota. Ya hango Maimuna a tsaye a inuwa, ya hango motar a gabanta, ɗan kamasho na ihun saura mutum ɗaya. Saudat na jikin taga, jakar kwamfuta a cinya. Da ta gan shi ta zabura za ta fito, ya yi mata alama da hannu ta zauna. Ya dafa bakin tagar.

"Wannan zanen," ya ce. Ya kalli taya, ya kalli mai tallan ruwa, ya dawo da kallonsa. "Na kunnen nan. Shi ya fi. Tun ranar da aka ajiye shi na san shi ya fi. Duk abin da na faɗa, ba haka ba ne."

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bai taɓa ɗaukar abu mai nauyin waɗannan kalmomi ba, kuma ga shi ya sauke.

Saudat ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Baba, ba sai kun lallashe ni ba. Wallahi ban riƙe ku a rai ba."

"Ba lallashi ba ne."

"Na san Umma ce ta matsa muku," ta ce a hankali. "Tun ina ƙarama nake jin ku kuna gaya wa manyan masu kamfani injinsu ya mutu, suna fushi suna kumfar baki, ba ku taɓa canza magana don a ji daɗi ba. Da kuka ce bai yi ba, na zauna na duba, na ga layin ya yi siriri, na ga kamar na asibiti, duk yadda kuka faɗa. Da kun yabe shi don ni 'yarku ce, da shi zai fi yi min ciwo. Zan je in ƙaro sani. In sha Allah wata rana zan yi wanda za ku ce ya yi, da gaske."

Ya buɗe baki. Mutum na ƙarshe ya shiga, aka ja ƙofa, ɗan kamasho ya buga bayan motar ya ce, "Baba, a ɗan matsa." Motar ta ja, ya bi ta 'yan taku hannunsa a jikin taga, sannan ya saki. Saudat ta ɗaga masa hannu har suka fita ƙofar tasha suka hau titi.

Maimuna ta matso kusa da shi, tana gyara mayafi.

"Ka faɗa mata?"

"Na faɗa."

"To alhamdu lillahi. Me ta ce?"

Malam Tijjani ya share fuska da hannun riga, bai damu da wa ke kallo ba.

"Ta yarda da maganata, Maimuna," ya ce. "Ta farkon."